Haɗa Sifikoki da Amfilifaya a Babban Falo

Idan sauti bai gamsar da mai babban falo ba, wat yake fara zargi. Sai a koma Sabon Gari ko a aika Alaba a sayo amfilifayar da ta fi ta gida ƙarfi, a jona, a murɗa. Falo ya cika da ƙara har gilashin taga na rawa, amma na kujerar baya bai daina tambayar me mai karanta labarai ya ce ba. Abin da ke faruwa shi ne, a ɗaki mai faɗi, kaɗan ne daga abin da kunne ke ji yake zuwa kai tsaye daga bakin sifika. Sauran sai ya bugi tayil, ya bugi bango da silin, sannan ya iso a makare ya hau kan kalmar da ke biye. Ƙarin wat yana ƙara wa mai zuwa kai tsaye da mai zuwa a makare ƙarfi daidai wa daida, don haka ba abin da yake gyarawa. Shi ya sa nake ganin a fara da ɗakin, sai wurin zama, sai sifikoki. Amfilifaya ce ta ƙarshe da ya kamata a kashe wa kuɗi.

Domin lissafi ya zo da sauƙi, mu ɗauki falo mai tsawon mita 8, faɗin mita 6, tsayin mita 3, irin wanda ake ginawa yanzu: bulo da filasta, ƙasa tayil, sama silin POP, ga manyan tagogin gilashi. Kai sai ka sa awon naka a gurbin wannan.

Ɗakin tukuna

Tsaya a tsakiyar falon ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka kasa kunne. Idan tafin ya mutu nan take, ka yi sa'a. Idan ya ja jela, ko ka ji wata karkarwa tana kai-komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, to aikinka na farko ba na mai wayarin ba ne, na mai labule ne da mai kafet.

Wannan matsala tsohuwa ce. A 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta gina sabon ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, aka wayi gari ba a gane abin da malami ke faɗa a ciki, domin kalma ɗaya tana yin fiye da sakan 5 tana yawo kafin ta mutu. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyyar lissafi da zahiri, Wallace Sabine, nauyin gyarawa. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren jami'ar cikin dare, suna jerawa, suna busa sauti, suna auna lokacin mutuwarsa da agogo. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, kuma da ita aka tsara zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Ƙa'idar ita ce: ka ninka girman cikin ɗaki da 0.161, ka raba da jimillar abin da ke shanye sauti a ɗakin, amsar ita ce sakan nawa sauti zai yi kafin ya ɓace. Shi kuma abin da ke shanye sauti ana kwatanta shi ne da buɗaɗɗiyar taga, tun da duk sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa.

Falonmu mita kubik 144 ne, faɗin ƙasa da sama da bango kuma murabba'in mita 180. Tayil da filasta ba sa shanye abin da ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na sautin da ya buge su. Ke nan in babu komai a ciki, sauti zai kai sakan 3 ko fiye yana zagayawa. Abin da ake so a ɗakin zama shi ne wajen rabin sakan. Kafin a kai nan, sai kayan da ke falon sun shanye kwatankwacin abin da taga mai murabba'in mita 46 za ta fitar. Ba ƙaramin kaya ba ne. Labule mai kauri da aka tattare shi da kyau yana shanye kusan rabin abin da ya same shi, don haka murabba'in mita 20 na labule zai ba ka wajen 10. Kafet mai shimfiɗar soso a ƙarƙashinsa yana taimakawa sosai, musamman a filin da ke tsakanin sifika da kujera. Kujerun yadi sun fi na leda nesa ba kusa ba. Mutane ma suna shanye sauti, shi ya sa falon da ke amsa-kuwwa ranar da ba kowa yake yin daɗin sauraro ranar Sallah idan baƙi sun cika shi.

Ba ko'ina a bango ne yake da muhimmanci iri ɗaya ba. Wurin da ya fi ɓata sauti shi ne inda ya fara bugawa kafin ya karyo zuwa kunnenka. Gano shi ba wuya: ka zauna a kujerarka, wani ya riƙe madubi a jikin bangon gefe yana jan sa a hankali daidai tsayin kunnenka. Duk inda ka hango sifika a cikin madubin, a yi alama. Nan za a sa labule ko allon shanye sauti. Kafinta zai iya yin allon: firam na katako mai zurfin santimita 5 zuwa 10, a cika shi da audugar gilashi ko ta dutse irin da ake sa wa rufi don hana zafi, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa idan ka hura. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, domin audugar na sa ƙaiƙayi. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya yin wani abin kirki, ga shi abincin wuta. Siririn soso kuma siraran sautuka kawai yake kashewa, ya bar maka rugugin. A bangon baya, kantar littattafai da ba a jera su ƙwal-ƙwal ba tana warwatsa sauti yadda ya kamata.

Inda za ka zauna, inda za su tsaya

Al'adarmu ita ce a jera kujeru a jikin bango ta kowane gefe a bar tsakiya fili. Ga karɓar baƙi hakan ya yi, ga sauti kuwa jikin bango shi ne wurin da rugugi ya fi taruwa. Tsakiyar ɗaki cif ita ma ba ta da kyau, don a nan wasu kaurara suke ɓacewa. Idan maigida da uwargida za su yarda, a janyo babbar kujera ɗaya ta bar bango. A falo mai mita 8, kujerar da ke mita 4 da rabi zuwa 5 daga bangon talabijin ta fi wadda ke manne da bangon baya a kowane fanni. In hakan ba zai yiwu ba, ko rabin mita aka matsar an rage ɓarna, sannan a rataya abu mai kauri a bayan kai.

Tun lokacin da Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar fasahar sitiriyo a 1931, dabarar ba ta canza ba: sifika biyu su yaudari kunne ya ji kamar murya na fitowa daga tsakiyarsu, inda babu komai. Yaudarar tana yin aiki ne idan sifikokin biyu da kanka suka zama kusurwoyin alwatika mai tsawo kusan ɗaya. In kana mita 3 da rabi daga kowace sifika, tazarar da ke tsakaninsu ta zama mita 3 zuwa 3 da rabi. Kada ka yi da ido, ɗauko tef. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, kuma bambancin santimita 30 zuwa 35 kacal tsakanin nisan sifikar hagu da ta dama ya isa ya janye muryar gaba ɗaya zuwa wadda ta fi kusa.

A janyo sifikokin daga bango. Masu ramin iska a baya suna bukatar aƙalla santimita 30 zuwa 50, in ba haka ba kaurinsu ya kumbura. Nisansu daga bangon gefe kada ya zo ɗaya da nisansu daga bangon da ke bayansu. Sai a ɗan karkato fuskarsu zuwa kujerar tsakiya, kaɗan-kaɗan, har murya ta tsaya cak a tsakiya. Tuwita, wato ƙaramin kwanon da ke fitar da siraran sautuka, ta kasance daidai tsayin kunne, domin siraran sautuka ba sa bazuwa kamar kaurara, miƙewa suke yi. Littattafan Turawa za su ce maka wajen mita ɗaya daga ƙasa, saboda su a kujera suke zama. A gidajenmu da yawa rabin masu kallo a kan kafet suke, wasu a kishingiɗe. In haka gidanka yake, sauko da tuwita zuwa santimita 80, ko ka ɗan sunkuyar da sifikar.

Abin da na fi gani a manyan faloli, kuma ya fi komai ɓata sauti, shi ne rataya sifikoki huɗu a kusurwoyi huɗu can kusa da silin, wai don sauti ya kai ko'ina. Kusurwa tana kumbura kauri, siraran sautuka suna wucewa ta saman kawunan mutane, sannan magana ɗaya tana iso wa kunne sau huɗu a lokuta daban-daban. Sifika biyu nagari a gaba sun fi huɗun nan. Idan akwai ɓangaren cin abinci da ake son sauti ya kai, a ba shi nasa sifikokin masu makunninsu daban, a kunna su ƙasa-ƙasa, a kashe su lokacin kallon fim.

Ga gidan da mutum goma ke kallon ƙwallo ko fim tare, sifika ta uku a tsakiya, ƙarƙashin talabijin, ita ce ta fi amfani bayan biyun farko. Yaudarar sitiriyo mutum ɗaya ko biyu take yi wa aiki, na gefe kuwa sifikar da ke kusa da shi kawai yake ji. Ta tsakiya tana kafe magana a jikin allo ga kowa. A saye ta daga kamfani da jeri ɗaya da na gefe, a janyo ta zuwa bakin kanta, kada a tura ta cikin lungun durowa. Na baya a tsarin 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya mai fitar da kauri, ba can ƙarshen falo ake kai su ba. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta sa na gaba a digiri 30 hagu da dama, na baya kuma a digiri 100 zuwa 120, wato a gefen mai zama, ɗan baya kaɗan, sama da kunne kaɗan.

Wat nawa ne zai isa

A takardar kowace sifika ta ƙwarai akwai lambar da mutane ba sa dubawa, alhali ta fi lambar wat muhimmanci: desibel nawa take bayarwa idan aka ba ta wat 1 aka tsaya mita 1 daga gare ta. Yawancin na gida suna tsakanin 85 da 92. Mu ɗauki mai 88. Duk lokacin da nisa ya ninka, sauti mai zuwa kai tsaye yana raguwa da desibel 6, don haka a mita 4 an rasa 12, saura 76. Kasancewar sifika biyu ne, ga kuma abin da bango ke dawowa da shi, za a samu ƙarin kamar 6. Ke nan wat 1 tak yana ba ka wajen desibel 82 a kujerarka, ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. To ina amfanin sauran wat ɗin? Amfaninsu na bugun bazata ne, kamar dukan ganga ko ƙarar bindiga a fim, wanda kan haura matsakaicin sauti da desibel 15 zuwa 20. Ƙarin desibel 10 yana cin ninki goma na wat, ƙarin 20 ninki ɗari. Saboda haka wat 100 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishi wannan falo. Da sifikar mai desibel 91 ce, wat 50 zai yi aikin. Da mai 85 ce, sai 200. Daga wat 100 zuwa 200 kuwa desibel 3 kawai ake samu, ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba.

Na ce wat na gaskiya saboda kasuwa cike take da kwalaye masu ɗauke da 3000W ko 5000W da haruffan PMPO a gefe. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Juya na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket. Abin da ke jan wat 80 ba zai iya fitar da fiye da 80 a kai a kai ba, komai rubutun da ke jikin kwali. Lambar da za ka nema ita ce ta RMS, a om 8, ɓangarori biyu suna aiki lokaci guda, daga Hz 20 zuwa 20,000, gurɓata ƙasa da kashi 0.1 cikin 100. Hatta manyan kamfanoni sukan rubuta lambar da suka auna da ɓangare ɗaya a om 6 domin ta yi kauri.

Game da om: yawancin sifikokin gida 8 ne, ko 6, ko 4, kuma ƙaramar lamba ta fi wahalar da amfilifaya. Idan ka haɗa sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, abin da amfilifayar gida ba ta iya ɗauka. Maɓallin A+B da ke gaban wasu amfilifayoyi yawanci haka yake haɗa su, don haka duba rubutun da ke kusa da bakin jonawa kafin ka danna. Sannan ka sani ƙaramar amfilifayar da aka matsa wa lamba tana iya ƙone tuwita kamar yadda babba za ta yi. Idan ƙarfinta ya ƙare sai ta fara aske kan sautin, ta tura wa tuwita abin da ba za ta iya jurewa ba. Da ka ji sauti ya fara tsagewa ko ya yi kaushi, rage.

Ƙananan sifikokin da ake sayarwa a kwali ɗaya da wufarsu, masu kwano inci 3, ba za su cika mita kubik 144 ba. Nemi dogaye masu tsayuwa a ƙasa da kwano inci 6 da rabi ko 8, ko matsakaita a kan ƙafafu tare da wufa. Manyan sifikokin biki suna da ƙara da wat kaɗan, amma an yi su ne don nesa. A mita 3 da yawansu suna da kaushi da huci. In na hannu za ka saya, danna kwanon a hankali da yatsu a baje: in ka ji gogayya, koyil ya taɓu. Duba zoben soson da ke gefen kwano, zafi da shekaru suna marmashe shi. Mita kuma za ta nuna om 5 zuwa 7 a sifika mai om 8 mai lafiya.

Kauri

A nan ne babban ɗaki ya fi ba da wahala. Ka tuna ruwa a daro: in ka kaɗa shi daidai wani lokaci, gefe da gefe suna tashi suna sauka, tsakiya kuwa kusan ba ta motsi. Haka iskar ɗaki take yi da kauraran sautuka. Kowane tsawo na ɗaki yana da sautin da yake kumburawa, kuma ana gano shi ta raba 343 da ninki biyu na tsawon. Mita 8 yana ba da Hz 21, sai ninkinsa 43 da 64. Mita 6 yana ba da 29 da 57. Tsayin mita 3 shi ma 57 yake bayarwa. Ka ga faɗi da tsayi sun haɗu a wuri ɗaya, don haka a wannan falon duk kiɗan da ya taɓa Hz 57 zai yi gurnani a jikin bango, ya yi rauni a wasu wurare. Labule da kafet ba sa taɓa irin wannan sautin. Maganinsa wurin ajiye wufa ne da wurin zama.

Dabarar da ta fi sauƙi tana da ban dariya amma tana aiki. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa mai kauri da ke hawa da sauka, sannan ka durƙusa ka bi gefen bango kana sauraro. Inda ka ji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya kumbura ba wanda ya nutse, nan ne gidan wufar. Kusurwa ta fi ba da ƙarfi, amma ba lallai ta fi daidaito ba.

Ga falon da kujeru ke da yawa, matsakaitan wufa biyu sun fi ƙatuwa ɗaya. Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar da bincike a 2002 da ya nuna cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, wufa biyu a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna suna daidaita kauri tsakanin kujeru kusan kamar yadda huɗu za su yi. Wufa mai kwano inci 12 ita ce mafi ƙanƙanta da zan sa a falo irin namu. A cikin saitin risiba, wato amfilifaya mai ɗaukar sifikoki da yawa, a sa mahaɗar wufa da sauran sifikoki a Hz 80, a zaɓi Small ga dukkan sifikoki ko da dogaye ne. Hakan yana sauke wa amfilifaya nauyi mafi girma, sauti ya ƙara washewa. Ƙarfin wufa kuma a rage shi har sai ka daina gane inda take. Bayan haka ka zagaya ka nemo masu karkarwa: gilashin taga, fitilun silin, kwanukan cikin kabad. Ɗan roba ko soso a inda suke haɗuwa ya isa.

Waya da wuta

Wayar sifika ba ta bukatar tsada, kauri take bukata da jan ƙarfe na gaske. Zuwa mita 8 ko 10, mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta wadatar ga sifikar om 8. In ta fi haka tsawo, ko sifikar om 4 ce, a sa mai 2.5. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in ciki fari ne ka gane ta. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika. Idan aka juya ɗaya, kauri zai zube, murya ta rasa matsaya. In wayar ta bi cikin bango ba ka san bakinta ba, taɓa mata ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci: in kwanon ya turo waje, wayar da ke bakin batir mai alamar + ita ce ja. Murɗe silin wayar da kyau, domin sili ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa yana iya kashe amfilifaya. Wayoyin da ke kawo sauti daga talabijin ko dikoda su zama gajeru, kuma kada su kwanta jere da wayar wuta. Daga talabijin a yi amfani da bakin HDMI mai alamar ARC, ko wayar haske. Bluetooth yakan sa magana ta biyo bayan motsin baki.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, duka Hz 50. Kayan hannu da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na cikin Japan kuma 100. Karanta bayan na'ura kafin ka soka, in ta ƙaramar wuta ce sai da taransifoma mai rage wuta da ta fi ƙarfin na'urar sosai. Sitabilaiza ma haka, a ɗauki wadda ta ninka abin da kayan ke ja, mai jinkirta sakin wuta idan an dawo da ita. Mai infata ya tabbatar tasa mai tsabtatacciyar wuta ce, domin masu araha suna sa taransifomar amfilifaya zafi da gunji. A kan batir da sola, amfilifaya ajin D ta fi dacewa: wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja yana isa ga sifika, alhali ajin AB tana mayar da kusan rabi ko fiye zafi. Kafin a juya daga wutar gari zuwa janareto, a kashe amfilifaya. Kullum ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa. Da damina, idan hadari ya haɗo da walƙiya, a zare fulogi har da wayar dish.

In ka ji gunji mara yankewa ko da ba a kunna komai ba, zare wayoyin shiga ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wayar dish ce, kuma akwai ɗan abin rabawa da ake sa mata. Jona dukkan kayan a layin soket ɗaya shi ma yana magance shi. Kada ka yarda a cire ƙafar fulogi ta uku don kashe gunji, ita ce ke tsakaninka da jan wuta. Amfilifaya kuma ta samu sararin aƙalla santimita 10 a sama da gefe, ba cikin rufaffen kabad ba, balle a watan Afrilu. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, a riƙa kaɗe ta da busasshen buroshi bayan an zare wuta.

Daidaitawa

Risibobin zamani suna zuwa da makirfo da ke auna ɗaki da kansa: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. A kafa makirfon daidai tsayin kunne yana kallon sama, ba a hannu ba, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a jira janareton maƙwabci ya yi shiru. In ya gama, koma ka duba, don sau da yawa yakan mayar da sifikoki Large. Mayar da su yadda ka sa. Wannan awo yana iya rage sautin da ya kumbura, amma ba ya cike wanda ɗaki ya haɗiye, kuma ba ya maye gurbin labule. In babu makirfo, shigar da nisan kowace sifika da tef, ka kunna sautin gwaji, ka daidaita su da manhajar auna ƙara a wayarka har kowace ta nuna desibel 75 a kujerarka.

Gwajin ƙarshe na kunne ne, kuma kada ka fara da kiɗa mai hayaniya. Sa muryar da ka sani sarai: mai karatun Alƙur'ani da ka saba ji, ko mai karanta labarai. Haruffa su fito ɗaya-ɗaya, ba kumburin ƙirji, ba tsinin da ke soke kunne. Sai ka sa Ɗanmaraya Jos, murya ɗaya da kuntigi: su tsaya a tsakiya, kada su yi yawo. Kalangun Shata kuma zai nuna maka ko kaurin yana tsayawa idan an ɗauke hannu, ko yana jan jela. Yi wannan a kujeru uku ko huɗu, har da ƙasa inda yara ke zama. Duk abin da za ka canza, canza ɗaya a lokaci guda, ka manna salatif a tayil inda ƙafar sifika ta tsaya, domin mai shara zai matsar da ita.

Manhajar auna ƙarar nan ka bar ta a wayarka. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 94 awa ɗaya ke nan, 100 kuwa minti 15. Sauti mai tsabta ba ya damun kunne yadda mai kaushi ke yi, don haka mutum kan murɗa fiye da yadda yake zato. Kauri kuma yana ratsa bulo da rufaffiyar ƙofa fiye da kowane sauti. Kunna kayan yadda ka saba da daddare, ka fita ka tsaya a ɗakin barcin yara da jikin katangar maƙwabci ka ji abin da ke isa can. Yawancin risibobi suna da saitin dare da ke danne bugun bazata ya ɗago magana, kuma wufa tana da makunninta a baya.